Ƙarfe Ba Ya Ruɓa: Rayuwar Mai Filaya

Haihuwa da Nasaba

An haifi marigayiya, wadda maƙwabta da abokan sana'a suka fi sani da laƙabin Mai Filaya, ranar Talata, sha ɗaya ga watan Yuni na shekarar 1963, a wani ƙaramin gari na bakin titi wanda babu abin da ya raba shi da ƙauye sai ofishin gidan waya da jerin falwayoyin da suka ratsa shi. Mahaifinta ma'aikacin wannan ofishi ne, cikin masu hawa falwaya su ɗaure layin da iska ta tsinka, mahaifiyarta kuwa tela ce da ke ɗinki a cikin gida. Sun haifi 'ya'ya biyar, biyu suka rayu: namiji, wanda ya girme ta da shekara bakwai, wanda za a riƙa kira Yaya a nan kamar yadda ta kira shi har ƙarshen ranta, sai ita.

Laƙabin ya samo asali tun tana 'yar shekara tara, ranar da malamin aji ya zazzage jakunkunan ɗalibai yana neman allin da aka sace, ya ci karo da tsohuwar filayar mahaifinta a tata jakar. Da ya tambaye ta abin da mace za ta yi da filaya, ta ce masa abin da namiji yake yi da ita. Ta sha bulala shida, ta kuma sami suna, sunan kuwa ya fi bulalar daɗewa.

Abin da ta gina a duniya kamfani ne guda ɗaya. Galibin wannan tarihi bayani ne na yadda ta gina shi, da yadda waɗanda suka fi kowa ƙaunarta suka rushe shi da kyakkyawar niyya.

Karatu

Ta shiga firamare a 1969, ta wuce sakandaren fasaha a 1975, inda ta kasance ɗaya daga cikin mata uku a ajin mutum arba'in, sannan ta sami gurbi a kwalejin fasaha ta babban birni, ta kammala da difloma a fannin lantarki da sadarwa a 1983. Mahaifinta ya rasu a 1981, tana tsakiyar karatu, kuma Yaya ne ya ɗauki ɗawainiyar shekaru biyun da suka rage. Wajibi ne tarihi ya ambaci wannan alheri, ko da yake babu fargabar ya ɓace, domin Yaya da kansa bai taɓa gajiya da ambatonsa ba.

A lokacin Yaya ya riga ya kafu a kasuwar rodi da kwanon rufi. Ya yi arziki da hikima ɗaya tak, wadda ba ta taɓa ba shi kunya ba: ya sayi ƙarfe, ya garƙame sito, ya koma gida ya miƙe ƙafa, darajar kuɗi ta faɗi, farashin ƙarfe ya hau, ya buɗe sito. Mutumin da hikima ɗaya ta ciyar da shi shekara talatin ba ya ganin dalilin neman ta biyu.

Aikin Gidan Waya

An ɗauke ta aiki a hukumar tarho a watan Oktoba na 1983, aka tura ta ɗakin haɗa layuka, wani dogon ɗaki mai sanyi marar taga, inda dubban wayoyi masu launi suke gangarowa daga rufi su shige cikin jerin na'urori. Ta yi shekara goma sha biyar a wannan ɗaki, aka ƙara mata girma sau biyu, aka ƙara wa waɗanda ta koya wa aiki sau huɗu. An san ta da ɗabi'a ɗaya da abokan aiki suka ɗauka ɓata lokaci ce: duk wayar da ta ɗaura sai ta manna mata 'yar takarda a kowane baki, ta rubuta inda ta fito, inda za ta, da kwanan wata.

A shekarar 1991 hukumar ta cire babbar na'urar da ta fi sani, alhali tana aiki garau, aka fitar da ita bayan gini aka jingine, saboda kamfanin da ya ƙera ta a ƙasar waje ya daina yin kayan gyaranta. Bayan wata uku marigayiya ta tarar da kazar mai gadi ta yi ƙwai a cikinta. Ta sha faɗa daga baya cewa wannan kaza ta koya mata abin da kwaleji ba ta koya mata ba, wato na'ura ba ta jiran ta lalace kafin ta mutu. Ranar da maƙerinta ya janye hannunsa, ranar ce ajalinta, ko da fitilunta suna ci.

Aure da 'Ya'ya

Ta yi aure a 1986. Mijin malamin tarihi ne a wata sakandare, kuma sun haɗu ne ranar da ta je gyara tarhon ofishin shugaban makarantar, ya tsaya a kanta yana yi mata bayanin asalin tarho har ta gama. Mutum ne mai yawan karatu, wanda ya san dalilan faɗuwar dauloli da dama, yana kuma iya jera su a kan allo, ɗaya, biyu, uku, ba tare da ya duba littafi ba. Tana kiransa Malam, a gaban mutane da bayan idonsu.

Zaman nasu ya kasance na mutunci da raha. Duk wasiƙar aiki da za ta aika sai ta kawo masa ya gyara mata harshe, shi kuma ya cika ta da manyan kalmomi, ita kuma ta karɓa ta ce ya rage mata kitsen ya bar mata tsokar. An yi shekara ashirin da takwas ana wannan ciniki a kan teburin cin abinci, babu wanda ya gaji.

Allah ya ba su 'ya'ya uku. Na fari namiji ne, an haife shi a 1987, aka yi masa laƙabi da Manaja tun yana ƙarami saboda iya raba wa yara aiki ba tare da ya ɗauki ko ɗaya ba. Ta biyu mace ce, a 1990. Auta ta zo a 1995, kuma ita kaɗai ce ta gaji hannun uwar, domin tun kafin ta iya ɗaura ɗankwali ta iya feɗe waya ba tare da ta ji wa jan ƙarfen ciki rauni ba.

Kafa Kamfani

A 1998 hukumar tarho ta rage ma'aikata, sunan marigayiya ya fito a jerin farko. Lokacin ya zo daidai da shigowar kwamfuta ofisoshi, kowane ofishi yana neman wanda zai haɗa masa su su riƙa magana da juna. Ta ɗauki filayarta da tsani ɗaya ta shiga wannan aiki: ja kebul ta cikin silin, huda bango, da kafa waɗansu akwatunan ƙarfe masu jerin ramuka da ƙananan fitilu, waɗanda suke rarraba layi tsakanin kwamfutoci, waɗanda masu sana'ar ke kira akwati kawai. Ta kama shago a 2001, ta yi wa kamfani rajista a 2004. An kasa mallakarsa kashi goma: biyar nata, uku na Yaya wanda ya zuba kuɗi, biyu na mijinta wanda ya zuba abin da ya tara a aikin malanta.

Cikin shekara shida kamfanin ya riƙe kwangilar bankuna biyu, da babban asibitin birnin, da ofisoshin wata jami'a. A 2010 ya tare a gininsa na kansa mai hawa ɗaya, yana da ma'aikata ashirin da uku, dukkansu ita ta horar da su, suna kiranta Uwar Ɗaki. Ƙa'idarta ita ce ba ta sayen akwati sai da kwangila a hannu, kuma ba ta yarda akwati ya wuce wata uku a ajiye. Abokan hamayya suna yi wa sitonta dariya, suna cewa ko ɓera ya shiga sai ya fito da hawaye. Ita kuwa takan ce jarinta yana tafiya gida da ƙafafunsa kowace yamma, ya dawo da safe.

Burinta, wanda ba ta ɓoye wa kowa ba, shi ne kamfanin ya rayu bayanta, Auta ta riƙe aikin hannu, Manaja ya riƙe ofis. Saboda haka ne a 2011, da Manaja ya kammala digiri a fannin kasuwanci, ta cire kashi ɗaya daga nata ta ba shi kyauta. Ta rage da huɗu. Babu wanda ya yi lissafin abin da wannan kyauta take nufi, har da mijinta, wanda ya rubuta takardar kyautar da kyakkyawan harshe.

Taron Nuwamba 2014

A ƙarshen 2014 darajar kuɗi ta fara zamewa, kowa yana neman inda zai ɓoye abin hannunsa. A daidai lokacin ne wani dillali na ƙasar waje ya aiko wa Manaja tayin akwatuna iri ɗaya da waɗanda kamfanin ya fi kafawa, kwantena biyu cur, a ƙasa da rabin farashi, da sharaɗin a kwashe duka a biya nan take. Manaja bai kai wa mahaifiyarsa takardar ba. Ya kai wa kawunsa.

An zauna ranar Asabar, sha biyar ga Nuwamba, da hantsi, a ɗakin taro na saman bene, su huɗu. Manaja ya haska alƙaluma a bango, ya nuna cewa idan aka haɗa ajiyar kamfani da rancen banki, aka jinginar da ginin, za a mallaki kayan da za su ninka kansu cikin shekara uku. Yaya bai dubi bangon ba. Ya sa an kawo masa akwati ɗaya, ya ɗaga shi ya ji nauyinsa, ya ƙwanƙwasa shi da zobensa, ya ce shi bai yi boko ba amma ya san ƙarfe idan ya ji shi, kuma ƙarfe ba ya ruɓa.

Marigayiya ta ce, “Yaya, wannan ba rodi ba ne. Tumatir ne aka sa wa rigar ƙarfe.”

Ta yi musu bayani a tsanake, cewa ruwa ba ya tsami banza. Dillali ba ya karya farashin abin da yake da sauran kwana. Wannan samfuri ya shekara shida a kasuwa, kuma alamu sun nuna maƙeransa suna shirin sanar da wa'adinsa, bayan haka ba za su ƙara aiko da gyaran manhajar da ke cikinsa ba, kuma babu bankin da zai yarda a rataya masa akwatin da ɓarayin intanet suka san ƙofarsa, mai ita kuma ya daina gadinta. Ta ce idan ana son jari na dogon zango, a sayi injin haɗa wayar gilas, mai ɗaukar saƙo da haske maimakon jan ƙarfe, wadda ita ce ke tafe, a tura ma'aikata goma sha biyu su koyo aikinta.

Yaya ya yi dariya, ya ce wato a ɗauki kuɗi a zuba a kan 'ya'yan mutane, gobe su kama gabansu da shi a cikin kai. Ya ce kaya dai ana kulle su, mutum kuwa ba a sa masa kwaɗo. Ya ƙara da cewa da shi ma ya tsaya wannan dogon tunani a 1981, da wata ba ta ga difloma ba. Manaja ya ce, cikin ladabi, “Umma, ke aiki kika sani, wannan kuma kasuwa ce.”

Uku na Yaya da ɗaya na Manaja suka zama huɗu. Nata huɗu. Saura biyu na mijinta.

Shi kuwa ya zo taron da shirinsa. Mako guda ya yi yana nazarin wani rahoto mai shafi sittin da ya samo, wanda masana suka rubuta a kan makomar masana'antar kayan sadarwa, ya ja layi a ƙarƙashin muhimman wurare da jan biro. Ya gyara tabarau, ya karanta musu cewa buƙatar waɗannan kayayyaki za ta ci gaba da hauhawa har shekara ashirin masu zuwa, cewa kowane gida da kowane ofishi a duniya sai ya nemi layi, cewa wanda ya zuba jari a wannan fanni ya kuma yi haƙuri ba zai yi nadama ba. Ya kawo misali da daulolin da suka faɗi saboda tsoron cin gaba. Ya yi magana ta minti ashirin, kuma an ce bai taɓa yin jawabi mai tsari kamar na ranar ba.

Ta bar shi ya kai aya, sannan ta ce, “Malam, a shafi na nawa suka ce a sayi akwati a ajiye?”

Ya ce ma'anar ke nan, ko da ba a faɗa da baki ba. Ya ɗaga hannu. Aka rubuta shida da huɗu. Ta nemi a rubuta a takardar taro cewa ba ta yarda ba, aka rubuta, sannan ta sa hannu a takardun banki a matsayinta na shugabar kamfani, domin doka ta ce ita za ta sa.

Sito Mai Lamba Huɗu

Kayan sun iso a watan Maris na 2015, aka jibge su a ɗaya daga cikin sitocin Yaya, mai lamba huɗu, tsakanin na rodi da na kwano: akwati dubu ɗaya da ɗari takwas, kowanne a kwalinsa, an jera su har rufi. Shekarar farko ta gaskata masu rinjaye. Kuɗi ya ci gaba da faɗuwa, farashin akwati ya hau, har wasu 'yan kasuwa suka zo neman ɗari biyar da riba mai kyau. Marigayiya ta roƙi a sayar. Yaya, wanda makullin yake aljihunsa, ya ce ba a girbin gero yana ɗanye. A wannan shekara ya riƙa kiranta Mai Tumatir a gaban ma'aikatanta, mijinta kuma, Allah ya yafe masa, ya taɓa yin dariya sau ɗaya.

Sanarwar ta fito a watan Afrilu na 2016, shafi ɗaya, cikin harshe mai taushi: maƙeran suna godiya ga abokan hulɗa, suna sanar da cewa sun daina wannan samfuri, kuma za su janye kulawa da shi nan da wata goma sha takwas. Cikin mako biyu farashin ya karye. Yaya ya ce makirci ne na masu son a sayar musu da araha, a ƙara haƙuri. Ya sa aka share siton, aka sa maganin gara, aka ɗaga kwalayen a kan katako saboda danshi. Ba a taɓa kula da gawa kamar yadda aka kula da waɗannan akwatuna ba.

Bankunan biyu suka sabunta sharuɗɗan kwangilarsu, suka nemi sababbin na'urori da wayar gilas. Kamfanin ba shi da kuɗin sayen na farko, ba shi da ma'aikacin da ya iya na biyu. Kwangilolin suka koma hannun wani sabon kamfani, wanda ya zo babu sito ko ɗaya, sai matasa da injin haɗa waya. Ma'aikatan marigayiya suka fara tafiya can ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ya shigo ofishinta ya durƙusa ya nemi gafara, ita kuma ta rubuta masa takardar shaida da hannunta. Asibiti ne ya yi ƙarshen tafiya, a 2018. A watan Satumba na wannan shekara banki ya karɓi ginin, a farkon 2019 aka soke rajistar kamfanin.

Akwatunan, waɗanda aka samu aka sayar da ƙasa da ɗari uku daga cikinsu, sun ƙare a hannun 'yan jari-bola. Sun zo da sikeli, suka farke kwalayen da ba a taɓa buɗewa ba, suka auna da kilo. Yaya ya tsaya a kan cinikin da kansa, ya yi ta jayayya a kan nauyi, ya kuma ci nasara, domin a wannan fanni babu wanda ya fi shi. Manaja bai halarta ba. Ya riga ya sami aiki a wani banki.

Shekarun Ƙarshe

Tana da shekara hamsin da shida ta koma inda ta fara. Ita da Auta suka riƙa zagaya ƙananan ofisoshi da shagunan buga takardu da makarantun kuɗi, da tsani ɗaya a saman motar haya, uwar tana ƙasa tana miƙa kebul, 'yar tana cikin silin, wani lokaci kuma a juya, idan aikin ya fi ƙarfin 'yar. Sau da yawa akan kira su ne su gyara abin da wani ya ɓata da araha. Ciwon sukari da ta daɗe tana lallaɓawa ya fara cin idonta, har ta koma bambance launin wayoyi da taimakon Auta, amma ba ta daina manna takarda a bakin kowace waya ba.

A gida ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi yaji ba, ba ta rage wa mijinta komai na hakkinsa ba. Ta ci gaba da gaishe da Yaya, tana kai masa ziyara idan ba shi da lafiya. Abu ɗaya ne ya canza: ba ta sake kawo wasiƙa teburin cin abinci ba. Idan tana da takardar neman aiki, sai ta kai wa mai buga takardu na bakin titi, wanda ba ya bambance waƙafi da aya, ta biya shi. Mijin ya ga ɗaya daga cikin waɗannan takardu a kan kujera, da kurakurai bakwai a sakin layi na farko, ya ɗauki biro, sannan ya mayar da shi aljihu.

Sau ɗaya ya yi yunƙurin buɗe maganar, a 2020, wata ranar Juma'a da la'asar, tana zaune a tsakar gida tana warware tsohon kebul. Ya fara da doguwar shimfiɗa, kamar yadda ya saba, a kan yadda ɗan Adam yake kuskure da yadda masana ma suke ɓata. Ba ta bar shi ya isa inda za shi ba.

Ta ce, “Ai masanan ba su ɓata ba, Malam. Dubi gari, ko mai sayar da gawayi yana da layi. Masana'anta tana ta bunƙasa, yadda ka karanta mana. Mu ne dai ba ma ciki.”

Sannan ta ce ya riƙe mata bakin kebul ɗin ta naɗe. Ya riƙe.

A 2021 Auta ta nemi aiki a kamfanin da ya gaji kwangilolinsu. Aka nemi shaidar ƙwarewa. Uwar ta rubuta mata, ta zayyana shekara takwas na aiki dalla-dalla, ta sa hannu. Ofishin ɗaukar ma'aikata ya mayar da takardar, da bayanin cewa kamfanin da aka ambata ba ya cikin rajista, kuma ba a karɓar shaidar uwa a kan 'yarta. An ɗauke ta a matsayin mai koyon aiki, a ƙarƙashin wani da mahaifiyarta ta koya wa riƙon filaya. Ranar da Auta ta kawo labarin, marigayiya ta ce mata ta karɓa, aiki aiki ne, ta kuma sauke tsanin daga inda yake ta bayar da shi ga maƙwabci.

Rasuwa da Jana'iza

An kwantar da ita a babban asibitin birnin a ƙarshen Fabrairu na 2022, bayan ƙodarta ta gaza. Ginin ita ta ja masa kebul a 2007. Kwana biyu kafin rasuwarta, da rana, ana tura ta a keke zuwa ɗakin wankin ƙoda, suka tarar da ma'aikatan jinya sun yi cirko-cirko saboda kwamfutocin sashen sun daina aiki, an kira masu gyara tun safe ba su zo ba. Ta sa aka tsayar da keken a gaban ƙaramin kabad ɗin da ke bangon baranda, ta sa wata ma'aikaciyar jinya ta buɗe ta karanta mata takardun da ke manne a wayoyin, domin ita ba ta gani. A ta tara ta ce a cire a mayar rami na biyu daga hagu. Aka yi, layi ya dawo. Ma'aikaciyar ta tambaye ta ko ta taɓa aiki a nan ne, ta ce a'a, wucewa ta taɓa yi.

Ta rasu ranar Laraba, tara ga Maris na 2022, da misalin ƙarfe goma na safe, tana da shekara hamsin da takwas. An yi mata sutura a wannan rana, aka binne ta a maƙabartar da ke bayan tsohuwar tashar mota. Tsofaffin ma'aikatanta goma sha tara sun halarta, sun zo a motocin kamfanin da suke yi wa aiki yanzu.

A wurin zaman ta'aziyya, Yaya, wanda ya yi kuka na gaskiya, ya shaida wa jama'a cewa ƙanwarsa mace ce mai biyayya, wadda tun tasowarta ba ta taɓa yin musu da na gaba da ita ba, kuma abin da ya sami kamfaninta ƙaddara ce da babu wanda ya hango. Mutane suka gyaɗa kai, suka yi mata addu'a. Mijinta yana zaune a gefensa, kafaɗa da kafaɗa, kuma shi kaɗai ne a wurin da takardar taron take cikin akwatin littattafansa. Bai gyara masa ba.

Saboda haka a sani: ta hango, ta yi musu, an kuma rubuta.

Ta rasu ta bar 'ya'ya uku da jikoki huɗu. Manaja yana sashen ba da shawara kan zuba jari a bankin da yake aiki, an ce kuma ana yabon hangen nesansa. Ta biyu malamar lissafi ce, tana aure a wani gari, ita ce kaɗai ba a taɓa tambayarta ra'ayi ba, ita ce kuma kaɗai take kwana da zuciya sakayau. Auta ta kammala wa'adin koyon aiki wata huɗu bayan jana'izar, aka ba ta takardar shaida cewa yanzu ta iya. Marigayiya ta kuma bar Yaya, da mijinta, dukansu cikin ƙoshin lafiya.

Allah ya jiƙanta, ya sa inda ta je a saurare ta.